Tsallaken aji, makarantar kwana, ko a bar shi cikin tsararsa: wanne zai sama wa yaro mai baiwa aboki?

Idan aka kaɗa ƙararrawar tara, ba filin wasa nake fara kallo ba, bakin ƙofar ofishin malamai nake dubawa. Kusan kowace shekara akwai yaro ɗaya da ke tsayawa a wurin. Na bara ɗan aji huɗu ne, shekararsa 9, littafi a hammata, kuɗin tararsa na aljihu bai taɓa ba. Sauran yara sun yi dafifi wajen mai awara, wasu sun tuɓe takalma sun kafa raga da duwatsu biyu, shi kuwa jira yake in fito ya tambaye ni me ya hana ƙananan jiragen nan na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, masu shawagi a kanmu kullum, faɗowa alhali sun fi iska nauyi. Na ce masa, "Je ka yi wasa da 'yan'uwanka, in an koma aji sai mu yi maganar." Ya ce, "Malam, ba sa gane abin da nake faɗa, ni ma ba na jin daɗin abin da suke yi."

Bayan mako biyu mahaifiyarsa ta zo makaranta. Ta ce, "Malam, kanmu ya rabu. Babansa ya ce a tsallakar da shi aji shida, ƙanena ya ce a fara shirya shi don jarrabawar makarantar kwana ta yara masu baiwa da ke Suleja, kakarsa kuma ta ce a ƙyale yaro ya ci ƙuruciyarsa. Ni dai abin da ke damuna, ban taɓa jin wani yaro ya yi sallama a ƙofar gida ya ce shi yake nema ba."

Wannan magana tata ta ƙarshe ita ce ta sa na zauna rubutun nan, don ita ce tambayar da ya kamata a auna dukkan hanyoyin uku da ita. A Zariya karatu ba baƙon abu ba ne. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa, ga Alhudahuda, ga zaurukan malamai a cikin birni, yaro mai kai ba zai rasa inda zai sha ilimi ba. Abin da yake rasawa shi ne aboki. Kuma a iya abin da na gani, abokai iri biyu yake bukata. Akwai abokin tunani, wanda in ya kawo maganar taurari ko lissafi ba za a yi masa dariya ba. Akwai kuma abokin layi, sa'ansa, wanda za su yi langa, su yi faɗa, su shirya kafin magariba. Ba kowace hanya cikin ukun nan ce ke ba da duka biyun a sauƙaƙe ba. Don haka kafin a zaɓa, a fara gano wanne yaron ya rasa.

Kada iyaye su ɗauka baiwa da kaɗaici tagwaye ne. A 1921 Lewis Terman ya fara bin rayuwar yara masu kaifin basira kimanin 1,500 a Kalifoniya ta Amurka, aka yi ta bin su har tsufa, kuma akasarinsu sun yi zaman lafiya da mutane kamar kowa. Wata masaniya a birnin New York, Leta Hollingworth, ita ta lura da inda gizo ke saƙar. Ta ce yaran da ma'aunin basirarsu na IQ ke tsakanin 125 da 155 su ne suka fi jin daɗin mu'amala, don sun fi tsararsu amma ba su yi musu nisan da za a daina fahimtar juna ba. Waɗanda suka zarce haka sosai su ne ke shan wuya. Dalilin a fili yake: kan yaro ya kai na ɗan shekara 13, jikinsa na ɗan shekara 9 ne, zuciyarsa ma wajen fushi da kuka ta ɗan shekara 9 ce. Sa'o'insa abokin wasa suke nema, shi kuma ya riga ya fara neman aminin da zai faɗa wa abin da ke ransa.

Mu manya kuma mukan ƙara wa wutar fetur ba da niyya ba. Mu malamai muna son naɗa irin wannan yaro monita, mu miƙa masa takarda ya rubuta sunayen masu surutu. Duk wanda aka zane saboda takardar nan ba zai ba shi ƙwallo gobe ba. A gida kuma ana cewa da yayyensa da 'ya'yan maƙwabta, "Ba ku ga wane ba?" Shi ke nan an haɗa shi gaba da yaran da bai yi wa komai ba. Sai a wayi gari masu matsowa kusa da shi su ne masu son kwafar aikin gida, shi kuma ya sani sarai, don ranar da babu aikin gida ba ya ganin kowa. 'Yan mata nasu ya fi ɓoyuwa. Na koyar da yarinyar da ta riƙa kuskuren amsa da gangan, tana sauka daga ta ɗaya zuwa ta biyar, don kawai ƙawayenta su daina ce mata mai iyayi. Ba wanda ya kawo ƙararta, don ba ta damun kowa, amma abota ta saya da baiwarta.

To, mu fara da tsallaken aji, tunda shi ne abin da ya fi saurin zuwa bakin iyaye a nan, kuma makarantun kuɗi ba sa jan rai a kansa.

Mutane da yawa sun ɗauka duk yaron da aka kai cikin manyansa zai takura. Binciken da aka yi bai goyi bayan wannan tsoro gaba ɗaya ba. Miraca Gross ta ƙasar Ostareliya ta bi yara 60 masu ma'aunin basira 160 zuwa sama na tsawon shekaru kusan 20. Waɗanda aka tsallakar da su shekara biyu ko fiye sun fi samun abokai na kirki da gamsuwa da rayuwarsu, waɗanda aka riƙe cikin sa'o'insu kuwa da yawansu sun girma cikin kaɗaici, wasu ma suka bar karatu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na ga irinta da idona: yaron da ba ya magana a aji uku, aka kai shi aji biyar, cikin zango ɗaya ya zama mai ba da labari a bayan aji, don ya samu masu gane barkwancinsa.

Amma a lura da irin yaran da ta bi. Ba a samun ko ɗaya irinsu cikin yara 10,000. Zuwa na ɗaya a aji mai yara 40 ba shi ne wannan ba. Yawancin yaranmu da ake tsallakarwa masu ƙoƙari ne da saurin hadda, kuma da an bar su da sun yi fice cikin natsuwa.

Sannan akwai lissafin shekaru da iyaye ba sa yi sai lokaci ya ƙure. Tsarinmu shekara 6 ne a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana da shekara 5, aka tsallakar da shi sau ɗaya, sannan makarantarsa ta tura shi sakandare daga aji biyar kamar yadda aka saba yanzu, zai gama yana ɗan shekara 15. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a kuwa 16 ne. A 2024 har an yi maganar mayar da shi 18 kafin a dawo da shi 16. Hukumar JAMB ta buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa da 16 masu hazaƙa ta musamman, amma sai wanda ya ci maki 320 cikin 400, sannan ya tsallake wasu matakan tantancewa. Wanda bai samu ba sai ya zauna gida shekara guda, abokan ajinsa sun wuce jami'a a Samaru ko Kongo, sa'o'insa kuma suna sakandare ba su san shi ba. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne tsakiyar tafiyar. A firamare bambancin shekara biyu ba ya nuna kansa sosai. A aji uku na ƙaramar sakandare kuwa, 'yan ajinsa murya ta fara buɗewa, hirarsu ta sauya, shi yana nan da muryar yara, kuma shi ne na ƙarshe da ake zaɓa in za a raba 'yan ƙwallo. Yarinya kuma za ta tsinci kanta cikin hirar da ba ta kai ba, ko dai ta ware ko ta kwaikwayi abin da ba ta fahimta ba.

Saboda haka ni ina goyon bayan tsallake ne da sharuɗɗa. Ya zama yaron ya fi ajin da za a kai shi ma, ba wai zai iya jurewa kawai ba. Ya zama shi da kansa yana so, an tambaye shi ba a gaban babansa ba. A duba ko dama can manyansa yake bi a unguwa kuma suna karɓarsa. Kada a kai shi ajin da yayansa ko yayarsa take, don ribar da za a ci a makaranta za a yi asararta a tsakar gida. A yi shi a farkon shekarar karatu, aji ɗaya tak, da yarjejeniyar gwaji na zango guda. Akwai kuma rabin hanya da ba a cika tunawa da ita ba: yaro ya riƙa zuwa ajin gaba a darasin da ya fi ƙarfi kaɗai, lissafi misali, ya dawo cikin sa'o'insa a sauran. Sai an daidaita jadawalin azuzuwan biyu, shi ya sa shugabannin makaranta ke jan ƙafa, amma inda aka yi yana kawo abokin tunani ba tare da an rasa abokin wasa ba.

Hanya ta biyu ita ce makarantar kwana, musamman wadda ake tace masu shiga. Gwamnatin tarayya na da makarantar yara masu baiwa a Suleja ta jihar Neja, wadda aka buɗe a 1990, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shiga cikinta. Babbar fa'idarta ita ce abin da tsallake ba zai iya bayarwa ba: yara masu kai irin nasa kuma sa'o'insa. Abokin tunani da abokin wasa sun haɗu a mutum ɗaya. Zaman kwana kuma makaranta ce ta zama da mutane: layin abinci, rabon ruwa, aron guga, haƙuri da munsharin wani. Mu a Zariya mun san ƙarfin irin wannan abota. Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921 ta dawo nan a 1949, har gobe tsofaffin ɗalibanta suna riƙe da juna kamar 'yan gida ɗaya.

Sai dai akwai abu biyu da za a sa a sikeli. Na farko, yaron da ya saba zama na ɗaya tun aji ɗaya zai iya tsintar kansa na ashirin. Masani Herbert Marsh ya nuna tun 1984 cewa ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya, wanda ke cikin haziƙai ya fi raina kansa a kan wanda ke cikin matsakaita. Ga wani yaron wannan magani ne, kifin rijiya ya ga kogi, girman kai ya sauka, ya gane gaba da gabanta. Ga wanda duk darajarsa a gida ta rataya a kan "na ɗaya" kuwa, faɗuwa ce mai ciwo, kuma zai sha ta shi kaɗai a ɗakin kwana. Na biyu, makarantar kwana ba ta koya wa yaro mu'amala daga tushe, ɗorawa take a kan abin da ya zo da shi. Ɗan shekara 10 ko 11 da bai iya neman alfarma ba, bai iya ba da haƙuri ba, bai san yadda ake magana da siniya ba, in aka kai shi sama da kilomita 200 daga gida, ba wanda zai ga fuskarsa da yamma ya gane yau akwai damuwa. Yaron da ake tsangwama a makarantar jeka-ka-dawo yana da mafaka in an tashi. Na kwana ba shi da ita sai hutu.

Wasu gidajen, musamman inda akwai hali, mafitarsu ita ce a rufe get, a ɗauko malamin lesin, a ba yaro kwamfuta, a ce kada yaran unguwa su ɓata shi. Wani lokacin tsoron kambun baka ma na ciki. Na fahimci tsoron, amma wannan ba ya cikin zaɓin da zan ba kowa shawara. Makin jarrabawa zai hau, sallamar da uwar nan ke jira a ƙofar gida kuwa ba za ta zo ba.

Hanya ta uku ita ce ta kaka, amma da gyara. A bar yaro a ajinsa, sai dai ba a naɗe hannu ba: a nema masa mutanensa a wajen aji. Ita na fi karkata gare ta a matsayin matakin farko, don ita kaɗai ce in ba ta yi ba ana iya juyawa ba tare da an yi asarar komai ba.

Muna da abin da masu binciken can ba su da shi. A makarantar allo da ajin hadda ba shekaru ake dubawa ba, inda karatunka ya kai ake dubawa. Ɗan shekara 9 mai izu 20 zai zauna kusa da ɗan shekara 14 suna yi wa juna tilawa, ba wanda zai ga baƙon abu. Tsallaken aji ne da al'ada ta riga ta amince da shi. Musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta faro a matakin ƙasa a 1986, tana haɗa yara masu himma iri ɗaya tun daga matakin ƙaramar hukuma, kuma na ga abota mai ɗorewa da ta faro a wajen jiran kiran suna. Yaron da hankalinsa ke kan na'ura, a kai shi shagon amintaccen mai gyaran waya ko rediyo a Sabon Gari ranar Asabar. A can zai tarar da yaran shago da ba su kai shi turanci ba amma sun fi shi iya riƙe abin aiki, kuma a karon farko shi ne zai ce, "Don Allah nuna mini." Wannan kalma tana buɗe zuciyar yara fiye da duk amsar da zai bayar a aji. Kulob na muhawara ko na kimiyya a makaranta, dara a ƙofar gida da dattawa, duk suna wannan aiki.

Abokin layi kuwa ba ya bukatar kuɗi, sakin igiya yake bukata. A bar shi ya bi yara tashe da azumi, a haɗa shi da 'ya'yan kawunsa su je kallon hawan sallah a ƙofar fada, a aike shi kasuwar Tudun Wada tare da wani yaron, ya ci abinci a tire ɗaya da 'yan'uwansa. Idan taro na tsorata shi, a fara da yaro ɗaya: a gayyato shi gida, a ba su aikin da sai da hannu biyu, kamar haɗa motar kara ko gyaran kejin tantabaru, babba ya ja gefe.

Akwai kuma abubuwan da sai an koyar da baki, kamar yadda ake koyar da alwala, don kaifin kai ba ya kawo su. Yadda ake jira mutum ya gama magana. Yadda ake gyara wa aboki kuskure a keɓe, ba a tsakiyar jama'a ba. Yadda ake shan kaye a wasa a miƙa hannu. Da yaron nan na bara mun yi wata 'yar yarjejeniya: kafin ya ba wani labarin abin da ya sani, sai ya yi masa tambaya ɗaya game da abin da shi wancan ya sani, ya kuma saurari amsar har ƙarshe. A gida ma a sauya abin da ake yabo. In ya dawo, kafin "Nawa ka ci?" a fara da "Da wa ka zauna yau?"

Raunin wannan hanya guda biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Tana cin lokacin iyaye, ba kamar tsallake ba da ake gamawa da sa hannu ɗaya. Sannan ba ta magance zaman awa shida a aji yana sauraren abin da ya sani tun bara. Yaron da gundura ta cika shi yakan koma tsokana ko raina malami, daga nan kuma sunansa ya ɓaci. Dole malamin aji ya yarda ya riƙa ba shi aiki mai zurfi, ba ƙarin irin wanda ya gama ba, kuma kada a mai da shi mataimakin malami na dindindin. A kiyayi cika masa rana ma: boko da safe, Islamiyya da yamma, lesin bayan magariba, hadda Asabar da Lahadi. Yaron da ba shi da awa ɗaya ta kansa, yaushe zai yi aboki?

In aka gwada wannan na zango biyu aka ga yaro ya samu abokan wasa amma har yanzu yana dawowa daga makaranta a bushe, yana cewa ba a koya masa komai, kansa ne ke jin yunwa, sai a duba tsallake da sharuɗɗan can. In ya iya zama da mutane, yana kwana gidan dangi ba kuka, shi da kansa yana marmarin tafiya, makarantar kwana za ta yi masa kyau. In kuwa ko da manya ko da yara ba ya iya haɗa ido, ba ya gane wasa daga gaske, ƙaramin sauyi na birkita shi, to a ajiye maganar zaɓin makaranta tukuna, a kai shi likitan yara ya duba shi, ga asibitin koyarwa nan a Shika. Baiwa na iya haɗuwa da wata lalura a yaro ɗaya, kuma gano ta da wuri na sauƙaƙa komai.

Yaron nan dai ba a tsallakar da shi ba. Mun karɓe takardar monita daga hannunsa, yana zuwa aji shida darasin lissafi sau uku a mako, ranar Asabar kuma yana shagon wani ɗan'uwan babansa mai gyaran rediyo. Maganar Suleja tana nan, an bar ta sai ya kai aji shida a ji ta bakinsa. A zangon da ya wuce mahaifiyarsa ta tare ni a bakin get ta ce, "Malam, jiya wani yaro ya yi sallama da la'asar, wai shi yake nema su je su ƙarasa haɗa wata fanka da batir. Sai da aka kira magariba na aika a kira shi."